Ranar da Baffa Ya Fita Daga Ɗakin Taro

Baffa ya rasu da hantsi, ana tsakiyar saran rake, kuma kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika da babura har babu wurin ratsawa. Ni ina cikin gida wajen mata. Abin da ya faru a waje mijina ne ya riƙa ba ni labarinsa, na tsakar gida kuwa da kunnena na ji.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a sabuwar kasuwa ta shigo tana dogara sanda. Ta zauna kusa da Inna, matar Baffa, ta yi addu'a, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Kansila. Duk damina in ruwa ya shiga rumfata sai na yi masa faɗa a zuciyata. In ruwan ya janye kuma sai na sa masa albarka. Yau ga shi ya tafi ban gaya masa ko ɗaya ba."

Matan da ke kuka suka yi dariya ba su shirya ba, har Inna.

A waje kuma, wani dattijo da suka yi kansila tare, wanda ma ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ya taso tun daga wajen Gazara. Bayan an shafa fatiha ya ce wa mutanen da ke kan tabarma, "Mutumin nan ya takura mana. Wallahi ya takura mana. Amma tun da ya bar kujerar nan ban sake shiga ɗakin taro na ji kunyar wani ba."

Mahaifina, wanda muke kira Baba, yana zaune jingine da bangon zaure. Duk wanda ya ce masa, "Ya haƙuri?" sai ya ce, "Da godiya," ba ya ƙara komai. Dattawan garin sun san abin da ya taɓa shiga tsakanin 'yan'uwan nan biyu, don haka ba wanda ya matsa masa. Yaranmu kuwa ba su sani ba. Abin da za su taso su ji shi ne kakansu Baffa ya taɓa yin kansila, kuma wai ya hana danginsa arziki. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda na san shi.

Su uku kakarmu ta bari: Baffa ne babba, sai Gwaggo, sai Baba. Har Baba ya yi furfura Baffa bai daina kiransa Auta ba. Ni kuma sunan kakarmu aka sa mini, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baffa ba. Uwata yake ce mini. Ko da na yi aure a Hunkuyi na haihu, in na zo gida sai ya gyara zama ya ce, "Uwata ta zo, kowa ya shiga taitayinsa."

Manomin rake ne, amma haƙoransa sun daina shan rake tun da wuri. Duk da haka kullum akwai 'yar wuƙa a aljihunsa. In ka zauna da shi hira sai ya jawo kara ɗaya ya fere, ya yanka gaɓa-gaɓa, ya riƙa miƙo maka yana kallon yadda kake tsotsa. In ka ce ka ƙoshi sai ya ce, "Ƙara ɗaya, ni nake jin daɗin." Ba ya saurin magana. In an kawo masa ƙarar iyakar gona ba ya yanke komai daga zaure, sai ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je in ga ƙasar." Kuma akwai tambayar da ba ya rabuwa da ita, ko maganar aure ce ko ta gina katanga: "To, wa zai ji ciwo?"

Shi da Baba kwano ɗaya suke ci tun suna yara. Bayan kowa ya yi iyali ma ba su canza ba. Da la'asar sakaliya za a fito da tuwo daga gidan Baffa, a fito da wani daga gidanmu, su haɗa a zaure ɗaya. Baba mai surutu ne, Baffa mai saurare. Baba ya kawo dabarar kasuwanci, Baffa ya ce, "Auta ke nan," ya tura masa tsokar nama gabansa.

Baffa bai nemi kansila ba. Rigima ce ta yi yawa tsakanin matasa biyu masu son kujerar, dattawan mazaɓa suka ce a kawo wanda kowa zai iya gaisarwa. Da ya ci zaɓe aka sa shi cikin kwamitin ayyuka da filaye, masu duba inda za a yi hanya, inda za a fitar da fuloti, da wanda za a ba izinin gini. Baba ya fi kowa murna. Shi ya yi ta yawo da babur yana tara masa jama'a, har muryarsa ta dushe.

Mun fara gane irin kansilan da muka samu ne a wata babbar Sallah. Wani mai kuɗi da ke neman izinin gina gidan mai kusa da makarantar firamare ya aiko da rago, fari tas, mai ƙaho a murɗe. Baffa ba ya gida. Inna ta karɓa ta yi godiya, jikoki suka yi ta ba shi dusa. Da Baffa ya dawo ya ji daga inda ragon ya fito, sai ya tsaya yana kallonsa.

Inna ta ce, "Malam, kyauta ce fa. Mutumin bai ce a yi masa komai ba."

Ya ce, "Bara da ban zama kansila ba, ya san hanyar gidan nan?"

Ya kwance igiyar da kansa. Bai aiki kowa ba. Ya ja ragon ta tsakiyar gari da rana tsaka, ragon yana turjewa, shi yana lallashinsa, mutane suna ta yi masa barka da samun na layya, yana amsawa da, "Ba nawa ba ne, baƙo ne, gida zan raka shi." Inna ta yi kwanaki ba ta sa masa man shanu a miya ba. Mu dai a lokacin dariya muka yi, har Baba. Ba mu san abin zai zo kanmu ba.

Maganar sabuwar kasuwa ce ta kawo shi. Tsohuwar ta matse, manyan motocin da ke lodin rake zuwa Makarfi da Kano ba sa samun wurin juyawa, sai ƙaramar hukuma ta ce za a fitar da sabon wuri. Masu awo suka zo suka duba, suka ce wuri biyu ne suka dace. Ɗaya yana yamma, kusa da mararraba, a wani fili mai ɗan kwari. Ɗayan yana gabas, a kan tudu, kuma jikinsa gonar gadonmu take, wadda Baffa da Gwaggo da Baba ba su raba ba tun rasuwar kakanmu.

Kowa ya san ma'anar wannan. In kasuwa ta sauka a gabas, gonar da ake noma dawa a cikinta ta zama fulotai da shaguna. Baba ya kasa zama. Gwaggo kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Ta fara cewa in Allah ya yi, za ta samu shago ɗaya ta sa babban ɗanta, ya daina tafiya Kudu ci-rani.

Ina gida a lokacin, na zo wankan jego. Ina jin su daga ɗakin da ke jikin zaure. Baba ya ce, "Yaya, wannan Allah ne ya kawo mana har gida. Ba ƙarya za ka yi ba, ba cin hanci za ka yi ba. Tudun nan ya fi, kai ma ka sani. Faɗa kawai za ka yi."

Baffa ya ce, "Ci tuwonka, Auta."

Ranar zaman kwamiti ya sa farar rigarsa ya hau babur ya tafi sakatariya. Abin da ya faru a can, dattijon nan na wajen Gazara ne ya ba da labari daga baya. Ya ce da aka zo kan maganar kasuwa, kowa ya juya yana kallon Baffa, tunda mazaɓarsa ce, kuma a al'adarsu abin da kansilan wuri ya ce shi ake bi. Sai Baffa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a fara, ina so a sani cewa gonar da ke jikin filin gabas ta mahaifina ce, ina da gado a ciki, ni da ƙannena. Ba zan yi magana a kan wannan ba, ba kuma zan ɗaga hannu ba. In an gama a kira ni."

Shugaban zaman ya ce, "Haba Malam, ai duk mun sani. Zauna, mun yarda da kai."

Ya ce, "Ni ne ban yarda da kaina ba."

Ya fita ya zauna a gindin darbejiya wajen masu gadi. Waɗanda suka rage a ciki suka yi ta muhawara, daga ƙarshe suka zaɓi yamma, saboda kusancinta da mararraba.

Labari ya riga Baffa isowa gida. Wani ya tare Baba a masallaci ya ce masa, "Da yayanka ko tari ya yi a ɗakin nan, da kasuwa tana gonarku." Da la'asar aka fito da tuwo kamar kullum. Baba ya zo, amma bai zauna ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar.

"Yaya, mu ka tsana ko kuwa sunanka kake so?"

"Zauna mu yi magana."

"Ba zan zauna ba. Ka ce ba ka zaɓa ba. Ka zaɓa mana! Fitar da ka yi ita ce zaɓen. Kai ne ka san ƙasar nan, ka san yamma kwari ce, ka bar waɗanda ba su taɓa taka ta ba suka yanke. Mutanen da suka zaɓe ka don ka yi magana suka zaɓe ka. Kullum kana tambayar wa zai ji ciwo. To ga ta can cikin gida, ƙanwarka ce, je ka tambaye ta."

Baba ya sa aka mayar da kwanonmu cikin gida.

Abin ya daɗe. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Suna gaisawa, don Baba bai taɓa wuce yayansa bai gaishe shi ba, amma gaisuwa ce irin ta mutanen da suka haɗu a tasha. Baba ya koma cin abinci a ɗakinsa. Baffa kuwa bai daina fitowa zaure ba. Inna ta ce mini kullum gefe ɗaya na tuwon yake ci, ya bar ɗaya gefen yadda aka kwaso shi, a mayar da kwanon haka.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne Baba ya yi gaskiya game da kwarin. A daminar farko bayan an buɗe kasuwar, ruwan Agusta ya kwanta a cikinta har gwiwa. Buhunan masara suka jiƙe, wata motar rake ta kafe ta kwana biyu. Mutanen da suka yaba wa Baffa a da suka koma cewa tsabtarsa ce ta jefa su cikin taɓo. Ya ji duk wannan. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya tattare rigarsa ya shiga ruwan, ya bi shi har ya ga inda yake taruwa da inda ya kamata ya fita. Daga nan ya addabi sakatariya a kan magudanar ruwa. A wannan kam ya yi magana, har aka riƙa cewa in an hango babur ɗinsa ma'aikata sai su ɓuya. Ya ce a yamma ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, don haka bakinsa a sake yake. An gina magudanar kafin wa'adinsa ya ƙare. Ta rage ruwan, ba ta hana shi duka ba.

Na taɓa tambayarsa. Na zo gida ganin Inna, na same shi a gonar rake yana duba ban-ruwa. Muka zauna a kan kunya, ya fito da 'yar wuƙarsa. Na ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, wane wuri ya fi?"

Ya ce, "Namu."

Ban zaci zai faɗa kai tsaye ba.

Ya ce, "Uwata, har yau ina ganin namu ya fi. Amma tun ranar da masu awo suka kafa turakunsu, in na rufe ido shagon Gwaggonki nake gani. In na ce tudu ya fi, ban san wane ne yake magana a cikina ba, kansila ko ɗan mai gona. Kuma ko da na sani, mutumin da ke da rumfa ba shi da hanyar sani. Gobe in wani kansila ya kai asibiti ƙofar gidansa, da wane baki za a hana shi? Sai ya ce ai Malam ma ya yi."

Na ce, "To ruwan da ya shiga kasuwa fa?"

Ya daɗe yana fere raken. Sannan ya ce, "Wannan yana wuyana. Da na yi tunani, da tun kafin zaman na roƙi a kawo masu awo su zo da damina su gani da idonsu, ba sai na ce komai ba. Ban yi wannan dabarar ba sai da ruwa ya koya mini. Ina roƙon Allah ya yafe mini shi."

Gwaggo ce ta kawo ƙarshen gabar, ita da ta fi kowa asara. Ɗanta ya ci gaba da tafiya ci-rani. Ba ta taɓa yi wa Baffa maganar kasuwa ba, shi ma bai yi mata ba. Sai dai tun daga shekarar ya bar mata nasa kason na gonar tudu tana nomawa, kuma in lokacin huɗa ya yi, shanunsa gonarta suke fara shiga kafin tasa.

Wata la'asar ta shigo gidanmu, ta tarar an kai wa Baba tuwo ɗaki. Ba ta yi sallama da kowa ba, ta ɗauki kwanon ta fita da shi. Baba ya biyo ta yana cewa, "Yaya, lafiya?" Ta dire kwanon a zaure gaban Baffa, ta juyo ta kalli Baba.

Ta ce, "Auta, wa aka cuta, ni ko kai?"

Baba ya ce, "Ai saboda ke nake..."

"Ban aike ka ba. Na yi kukana a ɗakina na gama tun bara. Shago dai ban samu ba. To in rasa shago, in kuma rasa ganin 'yan'uwana a kwano ɗaya? Ku biyu kuka rage mini. Zauna."

Ta juya kan Baffa. "Kai kuma Yaya, da ka iya fita daga ɗakin taro, ba ka iya shiga ɗakin ƙaninka ba? Taku nawa ne?"

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi laifi."

Baba ya zauna. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa sai da ta ga kowa ya kai loma, sannan ta tafi. Ba wanda ya ce wani ya yi gaskiya. Sun dai koma ci tare, kuma ba su sake rabuwa ba. In maganar kasuwa ta taso Baba yana nan a kan bakansa, Baffa kuma ya ce, "Auta ke nan."

Baffa bai sake tsayawa takara ba. Ya koma gonarsa da sulhun iyakoki, har ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka kai shi asibiti a Zariya, aka dawo da shi, jiki ya ci gaba da ja baya. A watanninsa na ƙarshe Baba ne ke jinyarsa. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa alwala, shi ke fito da shi inuwa da safe. 'Ya'yan Baffa suna nan, amma Baba ya ce ba wanda ya san nauyin yayansa kamarsa.

Zuwana na ƙarshe na same su a tsakar gida da hantsi. Baba yana ba shi kunu da ludayi, Baffa yana kauda kai kamar yaro. Na gaishe su na zauna a gefe. Baffa ya dube ni ya ce, "Uwata, ki yi mini shaida, yaron nan yana yi mini ɗure."

Baba ya ce, "Sha dai."

Ya sha kaɗan. Ya numfasa, sannan ya ce, "Auta, maganar nan ta kasuwa. Ka yafe mini?"

Baba ya ajiye ludayin. Ya ce, "Yaya, na yafe tun tuni. Amma har yanzu ina ganin ka yi kuskure."

"Mai yiwuwa ne." Ya ɗan yi murmushi. "Da kai ne a kujerar fa?"

"Da ni ne, da na zauna a ɗakin nan na yi magana har sai kasuwa ta hau tudu."

"Na sani."

"Shi ya sa da dattawa suka zo neman wanda za a tsayar, ni na ce musu su tafi wajenka."

Baffa ya buɗe ido sosai ya kalle shi. Duk shekarun da suka wuce bai san wannan ba, mu ma ba mu sani ba. Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, Baba ya tallafo kansa ya jingina shi a ƙirjinsa yana shafa masa baya har ya lafa. Suka zauna a haka. Na tashi na shiga wajen Inna, don na ga ba a bukatar kowa a wurin.

Bayan kwana kaɗan aka yi mini waya.

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo gare ka. Ka san abin da ya bari saboda tsoronka, ka san kuma abin da ya kuskure. Ka karɓi na farkon, ka shafe na biyun, ka yalwata masa makwancinsa. Ka ba Inna da Gwaggo haƙuri. Ka riƙa mana Baba, wanda yau ba shi da mai kiransa Auta sai mutum ɗaya.